Akuyar da Ta Ƙi Tuba

Dayton, 9 ga Mayu, 1988

Zuwa ga aminiyata Odessa,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Clarence da jikoki. Yaya gwiwar taki? Tawa dai ta fi rediyo sanin ranar da za a yi ruwa.

Kin san za a haɗa waƙoƙin yara da na rubuta cikin shekara arba'in a kundi ɗaya, kuma ranar Juma'a zan mayar da gyaran ƙarshe. To, jiya ina dawowa daga coci sai na tarar da 'yan mata uku suna tsallen igiya a bakin titi, suna rera waƙata ta akuyar da ta cinye hular fasto. Na tsaya ina jin daɗi, har aka zo ƙarshe. A tawa, akuya ta yi nadama, ta je ta ba fasto haƙuri. A tasu kuwa gyatsa ta yi, ta koma kan kwat ɗinsa, suna ƙirga maɓallan da ta haɗiye, ɗaya, biyu, uku, har igiya ta harɗe mai tsalle.

Na ce, "'Yan mata, ba haka waƙar take ba."

Babbarsu, Tamika, ba ta wuce shekara tara ba. Ta dube ni sama da ƙasa. "Kaka, wa ya koya miki?"

"Ni na rubuta ta."

"Ba wanda ya rubuta ta. Yayata ce ta koya mini."

Ƙaramar ta ce, "Ƙyale ta, tsufa ne."

Odessa, saboda baitin nadamar nan aka ba ni lambar yabo, malamai kuma shi suke sa yara su haddace. Na buga wa edita, Mista Feldman, waya, ya ce kada in taɓa ko ɗigo. Amma yaran da na yi dominsu sun yar da baitin. Wane ƙarshen zan sa a kundin? Kada ki yi mini dariya.

Taki har kullum,
Wilma

Dayton, 14 ga Mayu, 1988

Aminiyata Odessa,

Ina gaishe ki, ina gaida mutanen gida. Na san amsarki na hanya, amma Juma'a ba ta jira ta ba.

Ranar Laraba na koma wurin yaran, da tsohon littafin da waƙar take ciki a jaka. Muka yi sharaɗi: ni zan kaɗa igiya in rera nawa baitin, Tamika ta yi tsalle. Sau uku muna yi, sau uku igiya na kama ƙafarta daidai inda akuya ta fara ba da haƙuri. Ni kaina a hannuna na ji: baitin ya yi tsawo, ba inda ƙafa za ta sauka.

Ta tsaya tana haki. "Kaka, akuyarki ta cika surutu. Kin ma taɓa ganin akuya?"

Na taɓa mana. Kin tuna ta kakata a Georgia, wadda ta cinye mayafin bikin Anti Lula? Ta mutu ba ta ba kowa haƙuri ba. Kakata ma, duk daren da ta ba mu labarin, ba ta taɓa liƙa masa wa'azi ba. Ni ce na liƙa, ina 'yar shekara talatin, don manya su ce ina da hankali.

Jiya na aika da ƙarshen da yaran suka yi wa waƙar, na sa a rubuta a ƙasa cewa 'yan matan unguwarmu ne suka gyara. Mista Feldman ya yi ta ƙorafi. Na ce ya zo ya kaɗa igiya.

Yau da safe na nuna wa Tamika sunana a bangon littafin. Ta karanta a hankali, ta buɗe waƙar, ta bi ta da yatsa har ƙasa, sannan ta miƙo mini.

"To," in ji ta, "farkon dai kin yi ƙoƙari."

Ki gaida Clarence, ki shafa mini kan jikoki.

Taki,
Wilma