Arba'in Ɗin Inna Ta Faɗo Lahadi

Kankiya, Maris 1953

Zuwa ga yayana Malam Hussaini a Kusada,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. A gaishe mini da Inna da ƙanwarmu Ma'u.

Na san tun da na karɓi addinin Almasihu ba ka amsa takardata, amma wannan tambayar ilimi ce. Lahadi ta farko a watan gobe muke Idin tashin Yesu daga kabari, kuma ni aka ba wa'azi. Wani mutumin ƙauyen Kaikai da nake wanke wa gyambo a ɗakin magani ya ce da ni, "Dabo, an binne shi Juma'a da yamma, ya tashi Lahadi da asuba, ina kwana ukun?" Na ce masa zan bincika.

Baturen mishan ya ce Yahudawan da, ranarsu daga faɗuwar rana take farawa, kuma guntun yini a wurinsu yini ne cikakke. Sai na tuna marigayi Baba yana cewa daren Juma'a shi ne wanda ke biyo bayan magaribar Alhamis. Ashe lissafin ɗaya ne? Ba na so in tsaya gaban jama'a da abin da ban tabbatar ba.

Ka huta lafiya. Ƙanenka,
Dabo

Kusada

Zuwa ga Dabo,

Aminci ya tabbata ga wanda ya bi shiriya. Takardarka ta iso.

Mu dai ba mu ce an gicciye Annabi Isa ba, ka sani. Amma batun ƙidaya, Baturenka bai yi kuskure ba. Dare ke gaba, yini na bin sa, kuma ranar da abu ya faru ita ce ta fari ko da saura kaɗan rana ta faɗi.

Ga misali. Inna ta rasu Laraba bayan la'asar, makonni uku da suka wuce. Juma'a da hantsi muka yi sadakar uku. Kwana biyu ma ba su cika ba, amma ba wanda ya ce ba uku ba ne.

Ba a aiko maka ba domin Baffa Sodangi ya hana. Ciwon ƙirji ne, ba ta jima tana jinya ba.

Wassalam.
Hussaini

Kankiya

Yaya,

Ina gaisuwa. Allah ya jiƙan Inna, ya ba mu haƙuri.

Tsaye na karanta takardarka a bakin ɗakin magani. Na koma ciki na gama sallamar mutanen da ke jira, sannan na zauna. Maganin tarin da nake ba mutanen ƙauyuka yana nan cikin kabad, kuma tsakanina da ita tafiyar hantsi ce a keke. Ba zan ƙara magana a kan wannan ba.

Na ƙidaya yadda ka koya mini, Laraba ta fari. Arba'in ta faɗo Lahadi, ranar Idinmu, ranar wa'azina. Na roƙi Bature ya ba wani, ya ce babu mai Hausar da zai tsaya. Ko da na taso ana tashi daga majami'a, kun riga kun shafa fatiha, don na san da safe ake yi. Kuma ban san ko Baffa zai bar ni in zauna ba.

Abu ɗaya nake so ka gaya mini: ta ambace ni?

Ƙanenka,
Dabo

Kusada

Dabo,

Bayan gaisuwa. Ta ambace ka. Ta ce da Ma'u a ajiye maka geron gonarta ta ƙauyen Ƙofa.

Na gaya wa liman za a yi addu'ar bayan la'asar, tun da Lahadi ba ta fita sai magariba. Baffa ya ce idan ka zo shi ba zai zo ba. Na ce masa Allah ya huci zuciyarsa.

Ka yi abin da ke gabanka, ka hau keke. In ka iso kada ka tsaya sallama a zaure, ka wuce ciki.

Yayanka,
Hussaini