Murfin da Bai Yi Ƙara Ba

Inna,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya ƙafar Baba? Ya su auta?

Ni lafiya lau, sai 'yar gajiya. Ruwan gora ya yanke a shaguna, ga tsohuwar da nake jinya ba ta shan na famfo tun da ya kwantar da mijinta. Na yi yawon nema har ƙafata ta kumbura. Ƙarshe na tafasa na famfo na ɗura a gorarta, ina tsoron kada a sallame ni.

Ta murɗa murfin, ta ce, "Bai yi ƙas ba. Ke kika tafasa da hannunki?" Na ce eh. Ta shanye tas.

Inna, ashe duk shekarun nan yarda take saya, ba ruwa ba.

A sa ni a addu'a.

'Yarki