Baffa Ya Daina Gane Fuska

Zuwa ga mahaifiyata, Dada,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, na rubuto ne in ba ki labarin gida, don wannan magana ba ni da wanda zan faɗa wa sai ke.

Bayan rasuwarki hawan jini ya kayar da Baffa. Hannu da ƙafa sun dawo, baki ma ya dawo, amma ya daina gane fuskar mutane. Idonsa ras yake, ko allura ce ta faɗi zai tsinto ta. Yana ganin hanci da baki da gemu, sai dai ba sa haɗuwa su zama mutumin da ya sani. Mutumin da ke hango saniyarsa cikin garken wani tun daga bakin hanyar Sunkani, yau sai jikansa ya yi magana yake sanin ko wane ne. An sa masa tozali, an sayo tabarau, an kai shi asibitin ido. Da abin ya gagara, ƙanwata Hadiza ta kira ni, ta ce ai aikina ne.

Aikina ne kuwa, Dada. Ƙuruciyata duka a kansa ta ƙare. A jami'ar da nake koyarwa, muna kwantar da mutum cikin na'ura, mu nuna masa hotunan fuskoki, mu ga wane gefe na ƙwaƙwalwarsa ke motsawa. Akwai wani ɗan wuri can bayan kunne, shi ke gane fuska. Na yi rubuce-rubuce a kansa, an tafa mini, an kira ni farfesa. An ce kina ba mata dariya a Yelwa, wai wancan ya tafi ƙasar sanyi neman abin da kowane jariri ya iya. Da na ga hoton kan Baffa, nan take na gane inda jinin ya ɓata. Na san sunan ciwon da harsuna biyu, na kuma san ba shi da magani.

Masu irin wannan ciwo da murya suke gane mutane. To, ni ina Baffa ya san muryata? Ni ne ɗan fari. Ke da shi ba ku taɓa kiran sunana ba. In na shigo zaure, shi zai kau da kai, ni in sunkuyar da nawa. Ko a waya, ke ce ke isar da gaisuwata. Ga Fulatancina ya yi tsatsa, ranar da na iso gida Hausa na yi masa sallama da ita.

Sai ya ɗago ya dube ni tsaf a ido, ya ce, "Maraba da Likita." Hadiza ta buɗe baki za ta gyara masa, na yi mata alama ta bari.

Dada, ashe mijinki mai hira ne! Kullum da hantsi sai in zo da hotunana, mu zauna tabarma ɗaya. Ya ba ni labarin yadda ya fara ganinki a kasuwar Lau, da rigimar da ya sha kafin a ba shi ke. Yana dariya har da dukan gwiwata. Ban taɓa sanin yana da wushirya a haƙoran ƙasa ba. Wata rana ya ce yana da yaro babba a Turai, irin aikina yake yi, kuma ba don yana nasa ba, ya fi ni iyawa. Na ce haka ne, Baffa.

Na ji daɗi, ba zan ɓoye miki ba. Na kuma ji kamar ɓarawo, don abin da yake ba baƙo nake ci. Hutuna yana ta ƙarewa, ɗalibai na jirana, ni kuwa kullum sai in ce gobe zan faɗa masa.

Jiya ya riƙe hannuna ya ce, "Likita, in ka koma can, ka nemo min shi. Ka ce ya zo gida, tsoho ya gaji." Daga nan na kasa. Na ce masa da Fulatanci, Baffa, ni ne.

Ya saki hannuna a hankali, ya tattara ƙafafunsa, ya juya fuskarsa wajen bango. Can sai ya kira Hadiza, ya ce ta tambayi wancan ko ya ci abinci.

Yau da safe na je gaishe shi. Daga bakin ƙofa na durƙusa.

Allah Ya jiƙanki, Dada, Ya haskaka makwancinki, Ya yafe miki kurakuranki. Allah Ya ba Baffa sauƙi, ni kuma Ya ba ni haƙurin abin da na ɗanɗana. Ya haɗa mu a Aljanna baki ɗaya. Amin.

Naki har kullum,
Ɗanki na fari