Hankicin da Ban Shafa Ba

Padua, 9 ga Nuwamba

Manang Consuelo,

Ina sanar da ke da dukkan dangi cewa ƙaninki Eusebio, mai digirin falsafa, ya sayi sabon hankici. Bayan haka, ya gida, ya Manong Berto da yara? Ya ƙarin haƙurinmu? Ni lafiya lau, in ban da gwiwa da sanyi, da tsohon da nake jinya, wanda har yau da sunan karensa yake kirana.

Kin rubuto cewa an binne Nanay, mahaifiyarmu, riƙe da hankicin da na aiko bara, don ta yarda na shafa shi a kabarin Waliyyi Antonio da ke nan Padua kamar yadda ta roƙe ni. Manang, ban shafa ba. Daga kanti gidan waya na kai shi. Layin masu ziyarar kabarin ya yi tsawo, na ce ai dutse dutse ne. Uwata ta shiga ƙasa da ƙaryata a hannu.

Lahadin nan na je na bi layi. Da na iso kabarin sai na tsaya ƙerere, har wata tsohuwa 'yar ƙasarmu daga Batangas ta zungure ni ta ce, "Kai, ɗana, shafa ka ba mutane wuri, ba saniya kake tayawa ba!"

Na shafa. Dutsen na da ɗumi, ɗumin hannayen mutane.

Ga hankicin nan cikin ambulan. Ki ɗora mata a kan kabari, kada ki gaya wa Fadan coci. Allah ya jiƙanta.

Dutsen nan ba dutse kawai ba ne, Manang. Na yi kuskure.

Ƙaninki,
Eusebio