Akwatin Saƙon Damagaram

Stains, ranar Litinin

Zuwa ga 'yata Asma,

Assalamu alaikum. Ina fata kin huce gajiyar hanya. Yaya aikin asibiti, yaya sanyin Lyon? Mu nan lafiya lau, sai gwiwata, ga asansar ɗinmu, na'urar hawa bene, ta sake tsayawa.

Na rubuto ne don a waya kullum cikin sauri kike. Tsarabar da kika ajiye mini na raba ta ƙofa ƙofa, yadda ake yi. Duk macen da ta ba ki saƙo zuwa Damagaram ta samu kilishi da yaji, na kuma isar mata da gaisuwar mutanenta kamar yadda kika faɗa mini. Kadidiatou har da hawaye da na ce kin sa maganin idon a hannun tsohuwarta da kanki. Na ce wa matan gidan nan su duba, ga yarinyar da ta ɗauki konjenta, hutun aikinta, ta je ganin kakarta, maimakon yawon banza.

Abu ɗaya bai yi mini ba, wato ƙafar nan da kika naɗe, kika ce kwalba kika taka a unguwar Birni. Mace mai hankali tana duba inda take sa ƙafa. Ki riƙa wanke ciwon, ki kuma kula da sallah a kan lokaci.

Mahaifiyarki,
Fatsima

Stains, ranar Lahadi

Asma,

Assalamu alaikum. Ina tambayar lafiyarki don haka aka koya mini, ba don zuciyata ta yi sanyi ba.

Na kira kawunki Maazou in yi masa godiyar kilishi. Sai ya tambaye ni wane kilishi. Ashe kin aika masa cewa aiki ya riƙe ki, kika roƙe shi kada ya faɗa mini saboda hawan jinina. Ni kuma kika ce mini waya ba ta kamawa a unguwar kakarki Iya. Shi bai iya faɗa wa Iya ba. Ta sa an share ɗaki, an sayi sabuwar tabarma, duk motar da ta tsaya a ƙofa sai ta tambaya ko takwararta ce.

Jiya na hau jirgin ƙasa na zo Lyon. Kina wurin aiki, abokiyar zamanki Inès ce ta buɗe mini. Ban tambaye ta komai ba, na durƙusa da wannan gwiwar na leƙa ƙarƙashin gadonki. Akwatin saƙon Damagaram yana nan, da igiyar da na ɗaure shi da ita da hannuna. A tagarki kuwa an jera wasu baƙaƙen duwatsu kamar kayan ado.

Yarinyar ta tsorata ta faɗi komai. Ashe wani ɗan tsibiri kuka je tare a gefen Mayotte, sai da kwalekwale ake isa, babu ko shago. Ta nuna mini hoto. Ga ki a zaune kan dutse, teku na dukansa, kina dariyar da rabona da ganinta tun kina lakwal, 'yar makaranta. Dutsen ne ya yanke ki, ba kwalbar Birni ba. Kilishin ma a kasuwar Château Rouge ta nan ƙasar kika saye shi ranar da kuka sauka.

Na ja akwatin na dawo, ban jira ki ba. Da na jira, da na faɗi abin da uwa ba ta faɗa.

Fatsima

Stains, ranar Alhamis

'Yata Asma,

Assalamu alaikum. Yaya ƙafar? Allah ya sa ta rufe.

Na saurari doguwar maganar da kika aiko ta waya. Kin ce kin gaji. Kin ce tun da kika fara aiki ba ki taɓa yin konjen da ba ki zama jakar kowa ba. Kin ce a can babu yashi mai laushi, sai duwatsu masu kaifi da ƙaguwa na gudu a tsakaninsu, wani masunci ya gasa muku kifi da kwakwa, kika wuni ba wanda ya kira sunanki. Wai kin yi sallah a kan dutse kin yi kuka.

Na ji. Teku halittar Allah ce, kallonta ba zunubi ba ne. Da kin ce mini ba za ki je gida ba, da na yi faɗa, na yi fushi, sati ya zagayo in huce. Amma kin tsaya ina ɗaure akwati kina riƙe mini igiya. Kin ƙirƙiri gaisuwar tsofaffin mutane kin sa a bakina, na hau bene na sauka ina rabawa. Gajiya ba ta sa mutum yin haka.

Na mayar wa kowa saƙonsa. Na tsaya a kowace ƙofa na ce abin da na faɗa ba gaskiya ba ne. Wasu sun ce ba komai, yara ne. Kadidiatou kuwa ta juya kwalin maganin ta duba ranar lalacewarsa, ta rufe ƙofa a hankali. Mun yi shekaru muna haɗa tukunya da azumi.

Shekaranjiya maƙwabciyarmu Fatou ta tashi zuwa Yamai. Ta bi gidan nan tana karɓar saƙo, ta wuce ƙofata ba ta ƙwanƙwasa ba, ni ma ban da fuskar da zan leƙa.

Na faɗa wa Iya da kaina. Abin da ta tambaya kawai shi ne, “To, ta samu abinci a can?” Ta hana a naɗe tabarmar.

Dutsen da kika ce kin tsinto mini, ki bar shi a tagarki. A cikin akwatin yanzu saura abu ɗaya, bargon da na saya wa Iya saboda sanyi. Ba zan ba kowa shi ba, ba zan kuma aika ta gidan waya ba. Yana nan bayan ƙofa, mai kai shi ta san kanta.

Allah ya shirye ki, ya tsare.

Mahaifiyarki,
Fatsima