Hanjin Tunkiya

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ya ƙafar Baba?

Shago lafiya lau, firiza ta zama huɗu. Na kuma fara yin sosej. Kada ki yi dariya, ba a hanji nake ɗura naman ba. Akwai riga ta kamfani, a kwali take zuwa, ba wari ba wanki. Shekara goma sha biyu ke nan da na bar wa Baba rumfarsa na ce na gama kankarar hanji don sosej ɗin wasu. Ban fasa ba.

Sai dai babban kukun wani otal ya ɗanɗana, ya ce nama ya yi, amma rigar kamar leda take a baki. Hanjin tunkiya yake so. In na kai masa nan da sati biyu ya gamsu, ni zan riƙa yi musu. Ƙaramin abu ne.

Ki gai da kowa.
Yayanki, Manaja

Auta,

Ina gaisuwa, da fatan kun tashi lafiya.

Na gwada iri uku. Na saniya ya yi kauri, sai ka ce tiyo. Na akuyar da na samu gutsi-gutsi ne. Na tunkiya shi ne daidai, na kankare shi da sabuwar wuƙata, na ɗura goma, bakwai suka fashe a kasko. Ma'aikatana suka yi kamar suna duba silin.

Na san akwai abin da Baba yake yi kafin ya zuba gishiri. Shekara shida ina gefensa, amma agogo nake kallo. Ki tambaye shi a cikin hira, kamar ke kike son sani. Kada sunana ya fito. Saura kwana tara.

Yayanki

Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Direban da kika ba saƙo ya kawo ƙunshin: hanji cikin gishiri, da tsohon cokalin nan na Baba mai lanƙwasasshen hannu.

Na karanta takardarki. Wato kina buɗe baki ya tambaye ki yaushe kika fara sha'awar hanji. Na kuma ga saƙon da ya ce ki ba "mai tambayar": wuƙa huda take yi, da bayan cokali ake kankara, a ɗura wa hanjin ruwa a ga inda yake yoyo, kuma kada a cika tam, don wai ni tun ina yaro ban san daidai ba. Wannan na ƙarshen bai zama dole ba.

Na yi arba'in, ko ɗaya bai fashe ba. Kuku ya ciza, ya ce in fara kawowa. Ya tambayi wa ya gyara hanjin. Na ce mahaifina.

Kin ce kwana uku ya yi a kan ɗan benci yana gyara hanjin, da wannan ƙafar. Bai kamata ki bari ba.

Cokalin ba zan ba direba ba, zai iya ɓata. Ni zan kawo ranar Asabar. Zan zo da hanjin tunkiya goma, ɗanye. Ki fito da babban baho, da benci biyu.

Ki gaishe shi.
Yayanki