Ƙodar da Ka Ƙi Karɓa

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Na san ba za ka karanta wannan ba, amma na tashi daga kujerar nan na koma ya fi a ƙirga, na leƙa taga, na haɗa shayi na bar shi ya huce. In ban faɗa maka ba, wa zan faɗa wa?

Gida lafiya, sai abin da ba a rasa ba. Kubwa ta ƙara cika. Gidan da aka ba Baba lokacin da gwamnati ta taso daga Legas, wanda Inna ta yi ta kuka wai an kawo ta daji, yau shaguna sun kewaye shi. Inna na nan, gwiwa ce ke damunta. Ƙaramar 'yarka ta shiga jami'a.

Nasirunka ne ba lafiya. Ƙafa ta fara kumbura, kamar yadda taka ta fara. Yanzu wankin ƙoda ake yi masa, kuma likitoci sun ce dashe ne mafita. Yaro ya rame, in ya yi dariya sai in kau da kai, don kai nake gani.

Ka tuna tsokanar da kake yi mini, wai likitar kwamfuta wadda ko allura ba ta iya ba? To har yau aikin ke nan. Ana kawo mana bayanan ƙwayoyin gadon mutane, haruffa jere kamar ba za su ƙare ba, ni kuma in sa na'ura ta tace, ta nuna inda harafi ya sauya. Wani sauyin ba ya komai, wani shi ne ciwo. Akwai ɗaya da na daɗe ina bibiya. Tun zamanin kakannin kakanninmu, a inda ƙudan tsando ke sa wa mutane ciwon barci, masu wannan sauyi su suka fi tsira, suka hayayyafa, shi ya sa ya bazu a ƙasashenmu. Amma wanda ya gaje shi ta uwa da uba duka, ƙodarsa na iya gazawa. Abin da ya ceci na da, shi yake cin na yanzu. Na sha tsayawa gaban ɗalibai ina bayaninsa, har da murmushina, kamar labarin wasu.

Da aka ce dashe, ni na fara miƙa hannu. Jinina ya dace da na Nasiru, har na yi sujada. Sai na nemi a ƙara wancan gwajin, tunda na san da shi. Sakamakon ya zo, na buɗe a kwamfutar da nake buɗe na kowa. Biyu nake da su, Yaya, ɗaya daga Baba, ɗaya daga Inna. Ba dole ba ne in kamu, da yawa ba sa kamuwa. Amma likitan ya ce ba zai cire ƙodar mai irin wannan gado ba. Na roƙe shi, na yi faɗa, ya ƙi.

Ga abin da ban taɓa gaya maka ba. Lokacin naka ciwon, da na ce a ɗauki tawa ka rantse ba za a yanka ƙanwarka tana goyo ba, na ji haushinka. Har aka ɗauke ka ina jin haushin nan, na ce taurin kai ne ya raba mu. Yanzu fa? Da ka karɓa, wa ya san inda nake yau? Ba abin da ka sani game da haruffan nan, ƙi kawai ka yi. Na rasa ko in gode maka ko in ci gaba da fushi.

Matarka Anti Rabi ta ɗauka tsoro na ji na janye. In na gaishe ta, da ƙyar take amsawa. Ban ga laifinta ba, ɗanta ne a kwance. Shiru na yi saboda in na buɗe baki, dole in ce abin a jininmu yake. Yaya zan dubi Inna in ce rabi daga gare ta ne? Kuma ka san mutane, gobe a ce gidan su wance akwai ciwo, a fara janye wa 'yan matanmu.

Amma shirun nan Nasiru yake ci. Muddin dangi suna jiran in canza ra'ayi, ba wanda zai fito a gwada shi. Ranar Juma'a zan shiga mota in je Kubwa, in tara su a ɗakin Inna, in faɗa. Wanda zai ji haushi ya ji. Wataƙila a dangin Anti Rabi a sami mai bayarwa. In ba a samu ba, ban san me zan yi ba, wallahi ban sani ba.

Allah Ya haskaka kabarinka, Ya sa ka huta. Ka yafe mini, Yaya. Na san komai game da ciwon ɗanka, kuma ba ni da abin da zan ba shi.

Taka ƙanwa,
Hadiza